Yadda ake farautar kifi da mashi a cikin teku da tukunyar iska: tsaron rai da kula da kaya

Masu karatu sun yi ta maimaita tambaya ɗaya, musamman 'yan'uwan da karatu ko neman abinci ya kai su garuruwan bakin teku: yaya ake shiga teku mai nisa da tukunyar iska a baya da bindigar mashi a hannu, a harbo kifi a fito lafiya, kuma yaya ake kula da kayan? Zan bi aikin daki-daki kamar yadda ake yin sa a Mashigin Tekun Meziko, wajajen Fulorida da Luwiziyana a Amurka, domin can wannan farauta ta kafu sosai kuma doka ta yarda da ita.

Nutso kaɗai yana buƙatar hankalin mutum gaba ɗaya, farauta ma haka. Idan aka haɗa su, kifi ne ke ɗauke ido daga geji, wato agogon da ke nuna iskar da ta rage a tukunya. Shi ya sa ake gama yawancin aikin tsaro tun a tudu, kafin kifin ya samu damar raba ka da tunaninka.

1. Doka da lafiyar jiki

Fara da tambayar ko an yarda a yi a wurin da kake. Ƙasashe da yawa sun yarda da harbin kifi ga mai nutso da numfashinsa, amma sun haramta shi ga mai tukunya. Tarayyar Turai ta hana haɗa bindigar mashi da kayan numfashi a Bahar Rum tun dokar da ta yi a 2006. Afirka ta Kudu ta hana. Bahamas ta hana tukunyar, ta hana bindigar ma. A Fulorida an yarda, da lasisin kamun kifin teku, amma akwai jerin kifayen da ba a taɓa su da mashi ko kaɗan, kuma kowane kifi da lokacinsa da tsawon da aka ƙayyade. Sannan rijiyoyin man fetur na cikin teku: mafarauta a Luwiziyana sun saba nutso a ƙarƙashinsu saboda kifi na taruwa a jikin ƙarafan, amma dokar teku ta duniya ta ba kowace ƙasa damar killace mita 500 kewaye da irin wannan gini. Kada ka ga hoton abin da ake yi a can ka tasar wa wata rijiya a gaɓar Afirka ta Yamma ba izini.

Sai likita. Mai farfaɗiya, mai ciwon zuciya, mai asma da ba ta lafa ba, wanda huhunsa ya taɓa saɓulewa, da mace mai ciki, duk ba su shiga. Abin da ya fi shafar mu shi ne sikila. Mai ciwon sikila ba ya nutso da tukunya, domin sanyi da ƙarancin ruwan jiki da wahalar aiki a ƙasa na iya tayar da ciwon a inda babu mai ceto. In ba ka san ko kana ɗauke da sikila a jininka ba, je ka yi gwaji kafin ka kashe ko kwabo a kan kaya.

2. Horo kafin bindiga

Shaidar farko ta makarantun nutso irin su PADI da SSI tana ba ka izinin zurfin mita 18. Ta gaba tana kai ka mita 30. Iyakar nutson nishaɗi gaba ɗaya mita 40 ce. Kwas ɗin farko a Amurka kan ci wajen dala 300 zuwa 600. Shawarata, kada ka riƙe mashi sai ka kai matsayin da za ka tsaya cak a tsakiyar ruwa, ba ka nitsewa ba ka tasowa, hannuwanka a naɗe. Wanda har yanzu yake kokawa da rigar iskarsa, wato rigar da ake hurawa ko a sace don daidaita nitsewa da tasowa, ba shi da hannun da zai ba bindiga.

Hattara: wanda ya tashi a bakin kogi, ya saba nutso irin na masuntan Argungu, ya zo da wata ɗabi'a da ke kisa a nan, wato riƙe numfashi. Iskar da ka shaƙa daga tukunya a ƙasa matsattsiya ce, tana kumbura yayin da kake tasowa. Huhu cike da iska, a riƙe, tasowar da ba ta wuce mita ɗaya da 'yan kai ba ta isa ta yaga shi. Kuma lokacin saiti ne mutum ke ɗauke numfashi bai sani ba. Koyi harbi kana fitar da iska a hankali.

Ga wanda zai fara, kifin zaki ne makaranta mafi kyau. Baƙo ne daga tekun Indiya da Fasifik, an fara ganin sa a gaɓar Fulorida a 1985, ya cinye ƙananan kifaye har hukuma na roƙon a kashe shi, ba a ƙayyade adadi ba. Ba ya gudu, kuma gajeren mashin hannu mai roba ya ishe shi.

3. Kayan da ake buƙata da kuɗinsu

Tukunyar da aka fi gani ita ce ta alminiyam mai lita 11, ana dura ta zuwa bar 207 (bar shi ne ma'aunin matsin iska), sabuwa wajen dala 200 zuwa 300. Raguleta, wato na'urar da ke rage matsin iskar tukunya ta kawo ta baki, cikakkiya da bakin numfashi na biyu da geji, daga dala 400 zuwa sama da 1,000. Rigar iska dala 300 zuwa 700. Kwamfutar nutso ta ɗaurawa a hannu, mai nuna zurfi da lokacin da ya rage maka a ƙasa, tana farawa daga wajen dala 200. Bindigar mashi mai roba dala 200 zuwa 600, mashin hannu kuwa bai cika wuce dala 100 ba. Sai gilashin fuska, takalman iyo, rigar sanyi, safar hannu mai kauri, da dalma ta nauyi.

Akwai ƙananan kaya da mutane ke rainawa, alhali su ne ke ceto: wuƙa guda da almakashi guda, a ɗaura su wurare biyu dabam yadda kowane hannu zai kai ga ɗaya, doguwar balan-balan mai ruwan lemo da ake hurawa a tura sama da zarenta, usur, madubi, tocila ko da rana ce.

Hattara da tukunyar gwanjo. Araha ba ta ado. Duba wuyanta, akwai tambarin shekarar ƙira da na kowane gwajin da aka yi mata. Wasu tukwanen alminiyam da aka ƙera kafin 1990 an yi su da wani haɗin ƙarfe mai lamba 6351 wanda ke tsagewa a wuya a hankali, kuma an samu waɗanda suka fashe lokacin duri. Shaguna da yawa ba su ma yarda su dura su. In ka ga irin wannan, bar ta.

4. Daren jajibiri

A gida ake wannan, da haske, ba gaggawa. Haɗa raguleta da tukunya. Kafin ka buɗe bawul, sa baki ka ja numfashi: bai kamata komai ya shigo ba. In iska ta shigo, akwai huji a bakin roba ko a fatar da ke ciki, kuma ruwa za ka sha a ƙasa. Sai ka juya fuskar geji gefe, ka buɗe bawul a hankali har ƙarshe. Ja numfashi mai ƙarfi sau uku ko huɗu kana kallon allura. Idan tana rawa, tana sauka tana dawowa, ko bawul bai buɗe duka ba ko matatar raguleta ta toshe. Rufe bawul ka bar kayan minti biyar. Allura ta sauka sosai, akwai inda ke yoyo.

Lanƙwasa kowane tiyo kusa da inda ya haɗu da ƙarfe, nan tsagewa ke ɓuya. Hura rigar iska har ta cika ta yi tsaki, ka ajiye ta minti goma ka ga ko ta saki. Ja duk igiyoyin fitar da iska. Danna maɓallin hurawa ka saki sau da yawa. Maɓallin da ya maƙale a ƙasa zai cilla ka sama cikin daƙiƙoƙi. Duba batirin kwamfuta. Zuba zobban roba na bawul guda biyar ko shida a ƙaramin gwangwani, domin wannan ɗan abin da bai kai kuɗin shayi ba shi ya fi ɓata wa mutane tafiya.

Shinshina iskar, ka ɗanɗana ta. Iska mai kyau ba ta da wari ba ta da ɗanɗano. In ka ji warin mai ko hayaƙi, kada ka shiga da ita. Abin tsoro shi ne hayaƙin inji mai guba, kabon monoksaid, wanda shi kansa ba ya wari, kuma yana shiga tukunya idan bakin zuƙar injin duri yana kusa da salansar janareta. Wanda ke dura iska a wurin da wutar lantarki ba ta tsaya ba ya je da kansa ya ga inda aka ajiye janareta. Akwai ƙaramar na'urar gwada wannan guba, ta cancanci kuɗinta.

In da naitiroks za ka shiga, wato iskar da aka ƙara wa oksijin, gwada kowace tukunya da hannunka, ka rubuta adadin a jikinta, ka saita kwamfuta. Mai kashi 32 ba ta wuce mita 33, mai kashi 36 ba ta wuce mita 28. Wuce wannan na iya jawo jijjiga a ƙarƙashin ruwa, raguleta ta fita daga baki. Mafarauci da zai bi kifi ƙasa bai duba ba ya zaɓi haɗin da ya dace da ƙasan wurin gaba ɗaya, ba zurfin da yake niyyar tsayawa ba.

Bindiga kuma: ja kowace roba ka duba kusa da bakinta inda aka ɗaure igiya. Ka ga ƙananan tsage ko ta fara danƙo a hannu, canza ta. Mirgina mashin a kan tebur mai santsi, in yana tsalle ya lanƙwashe. Kunnen da ke kan mashin, wato ɗan ƙarfen da ke hana kifi zarewa, ya buɗe da sauƙi ya tsaya a buɗe. Bi zaren da yatsa daga farko har ƙarshe ka ji ko ya ƙuje. Sa mashin a mazauninsa ba tare da ɗana roba ba, ja shi da ƙarfi, ka tabbata kunama ta riƙe.

Sha ruwa sosai, yi barci. Ƙarancin ruwan jiki na cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin ciwon kumfar jini, wato ciwon da ke zuwa idan iskar da ta narke a jiki a ƙasa ta zama kumfa lokacin tasowa, kuma iskar tukunya busasshiya ce, tana ƙara tsotse jiki. Don haka ni ba na goyon bayan nutso mai zurfi da azumi a baki. Bari sai bayan Sallah.

5. Jirgi da mutumin da zai zauna a cikinsa

Dole a bar mutum a jirgi, wanda ya iya tayar da inji, ya iya cire anka, ya iya kira a rediyo. Tasha ta 16 ita ce ta neman agaji a rediyon teku a ko'ina. Jirgin da kowa ya faɗa ruwa ya bar shi, igiyar anka ta tsinke, mutanen za su taso su tarar da teku fayau. Bar wa wani a tudu bayanin inda za ku, ku nawa ne, da lokacin da in ba ku dawo ba zai kira masu ceto.

A jirgin a samu tukunyar oksijin zalla da za ta isa har a kai gaɓa, akwatin taimakon gaggawa mai ɗaurin tsayar da jini, fulas na ruwan zafi, da na'urar aika alamar neman ceto ta tauraron ɗan'adam. Ku san asibiti mafi kusa mai ɗakin matsin iska, inda ake jinyar ciwon kumfar jini, ku tabbatar yana karɓar masu nutso, tun kafin ku bar gaɓa. Ƙungiyar DAN mai kula da lafiyar masu nutso, wadda aka kafa a 1980, tana da layin gaggawa dare da rana da inshorar nutso. Rubuta lambar a jikin akwatin oksijin.

A ɗaga tuta, ja mai farin layi a karkace, ko shuɗiya da fari ta ƙasa da ƙasa. A Fulorida ana so mai nutso ya tsaya cikin tazarar wajen mita 90 daga tutarsa a buɗaɗɗen teku. A saki doguwar igiya mai abin yawo a bayan jirgi, wanda ruwa ya ja ya samu abin kamawa.

6. Lissafin iska da lokaci

Nan nake so ka zauna da biro. Kowace mita 10 ta ruwan teku tana ƙara matsi kwatankwacin na iskar duniya guda. A mita 30 matsin ya ninka huɗu, don haka kowane numfashi yana cin iska ninki huɗu. Tukunya mai lita 11 a bar 200 tana ɗauke da lita 2,200. Mutumin da ke shaƙar lita 20 a minti a sama zai ci lita 80 a minti a mita 30. Yana kokawa da babban kifi kuwa, abin na iya ninkawa.

Ana yawan cewa a rage bar 50 a tukunya. Wannan shi ne abin da za ka taka jirgi da shi, ba lokacin barin ƙasa ba. Lissafa abin da zai kai mutum biyu sama daga tukunya ɗaya, dukansu a firgice, da tsayawar da ake yi a hanya: daga mita 30 yana kusan bar 100 a irin wannan tukunya. To a bar 100 ake kama hanya, ko da kifin shekara ne a gaban mashinka. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Sai lokaci. A jadawalin PADI na iyakar zama a ƙasa don guje wa ciwon kumfar jini, da iska ta yau da kullum, mita 18 tana ba ka minti 56, mita 30 minti 20, mita 40 minti 9 kacal, kuma wannan a nutson farko ne. Na biyu da na uku lokacin yana raguwa. Ku huta aƙalla awa guda tsakani. Ku yanke zurfi, lokaci da bar ɗin juyawa a jirgi, ku faɗa da baki kowa ya ji.

Daga wajen mita 30 naitirojin, wato sinadarin da ya fi yawa a iskar da muke shaƙa, kan fara sa maye. Mutum ya ji daɗi, ya ga komai mai sauƙi ne, ya kalli geji bai fahimci lambar ba. Ka ji haka, taso mita kaɗan, yana washewa.

7. Shiga ruwa da ɗana bindiga

Ba a ɗana bindiga a jirgi, ba a hawa jirgi da ita a ɗane, ba a harba ta a sarari. Robarta kamar ta danƙon harbin tsuntsu ce, sai dai abin da take jefawa ƙarfe ne mai tsini da ya fi mita. A sarari babu ruwan da zai rage masa gudu, zai kai ƙarshen zare ya dawo kan mai harbi. Shiga ruwa tukuna a miƙo maka ita ta gindi, tsinin da murfinsa.

Bi igiyar anka ka sauka, kana daidaita kunne tun daga mitar farko kafin ya yi zafi. A ƙasa duba ko anka ta kama. Duba geji, duba abokinka, sannan ka ɗana, tsini na kallon fili. Fara tafiya kana fuskantar jan ruwa, domin ya taimake ka a dawowa lokacin da ka gaji.

Kada ka dogara da makullin kunama. Yatsa a waje har sai za ka harba. Tsari mafi aminci ga mutum biyu shi ne ɗaya ya yi harbi, ɗaya ya tsaya bayansa ɗan sama kaɗan yana kallon sa da kewaye, sannan su yi musaya. Yawancin abokan farauta suna rabuwa a minti biyun farko, kowa ya bi kifinsa, kuma daga nan kowannensu shi kaɗai yake nutso ko bai yarda ba.

Ɗan abin lura ga masu gashin baki: shi ke sa gilashi yoyo. Rage layin da ke ƙarƙashin hanci, ko ka shafa man silikon. Kada ka sa basilin, yana lalata robar.

8. Harbi da abin da ke biyo baya

Kafin ka danna, ka san wane kifi ne, ka san ya kai tsawon doka, ka san abin da ke bayansa. Ruwa na ƙara wa abu girma a ido da kusan kashi ɗaya cikin uku, don haka kifin da kake shakka a kansa ƙarami ne. Yi alamar tsawon doka a jikin bindigarka. In dutse ko ƙarfe ne a bayan kifin, mashin na iya dawowa ko ya maƙale.

Nufi bayan ido kaɗan, inda kai ya haɗu da ƙashin baya. Harbin ciki yana yaga nama, kifin ya tsere ya mutu a banza.

Hattara: kada ka taɓa ɗaure bindiga ko zarenta a jikinka. Kifin ambajak mai kilo 30 ya fi ka ƙarfi a ruwa nesa ba kusa ba. Yana iya jan ka ƙasa, ko ya zagaye ka da zare ya haɗa da tiyon numfashinka. Kifin gurufa kuwa rami yake shigewa ya buɗe kumatunsa ya toshe. Mutane da yawa sun ƙarar da iskarsu a bakin rami suna jan mashi. Ba wa kanka minti biyu; bai fito ba, yanke zaren. Saboda wannan ne mafarauta da yawa a yammacin Fulorida ke harba mashi marar zare, su riƙe na biyu a jikin bindiga. Wanda ya ɓata an yi asarar kuɗi kaɗan ke nan.

Da kifi ya zo hannu, kama shi ta maƙogwaro, soka wuƙa a ƙwaƙwalwa ya daina motsi. Sannan duba geji. Mayar da wannan al'ada: kowane harbi, geji.

Jini da fafutukar kifi suna kiran shak, manyan kifayen nan masu cizo, kuma a wuraren da ake yawan farauta sun koyi ƙarar bindiga. Kada ka rataya kifi a ƙugunka. Riƙe maratayin a hannu, ko ka tura kifin sama da jakar iska mutumin jirgi ya ɗauka. Shak ya zo, fuskance shi, ku haɗa baya da abokinka, tsinin mashi tsakaninku da shi, ku taso a hankali. Ya nace, sakar masa kifin ku bar wurin.

Kifin zaki na da ƙayoyi 18 masu dafi, a baya da ciki. Ana tura shi cikin bututun roba mai tauri kai tsaye daga mashi, ba a taɓa shi da hannu. Wanda ya soku ya sanar da abokinsa su taso a tsanake, a cire zobe kafin yatsa ya kumbura, a tsoma wurin a ruwan zafi da bai wuce digiri 45 ba, minti 30 zuwa 90.

9. Tasowa

Sassauta robar bindiga tun a ƙasa. Taso da gudun da bai wuce mita 9 a minti ba, kana sakin iskar riga kaɗan-kaɗan. Tsaya a mita 5 minti uku. Mitocin ƙarshe su ne inda iska ta fi kumbura, ka ci su a hankali, kana kallon sama kana sauraron inji. In ba ka ga igiyar anka ba, kada ka yi ta nema. Tura balan-balan tun kana ƙasa jirgi ya bi ta.

Kuskuren da ya fi yawa a farauta shi ne hawa da sauka: a kai kifi jirgi, a koma, a sake tasowa. Kowace tasowa tana haifar da kumfa a jini. Ka fito, ka fito ke nan.

A sama hura riga, miƙa bindiga ta gindi, miƙa kifi, sannan ka hau, inji a kashe. Kafin a tayar da shi a kira sunan kowa ya amsa.

10. Idan abu ya faru

Wanda ya suma ko ya shanye ɓari cikin minti goma da fitowa, a ɗauka iska ta shiga jijiyar jininsa. Ciwon kumfar jini kuma yakan zo a hankali, galibi cikin awanni kaɗan: ciwon gaɓa mai zurfi, dindiris a hannu ko ƙafa, jiri, gajiya marar dalili, fata ta yi dabbare-dabbare, fitsari ya ƙi fita. Mataki ɗaya ne ga duka biyun: kwantar da shi a miƙe, ba shi oksijin zalla ba yankewa, ruwa in yana cikin hayyacinsa, a kira agaji a nufi gaɓa. Ko ya ce ya ji sauƙi, sai likita ya gan shi. Kada a mayar da shi ruwa wai don kumfar ta narke. Masu wannan ciwo sun fi kowa musu, kowa ya ce nauyin tukunya ne ya murɗe masa kafaɗa. Kada ku biye masa.

Wanda mashi ya soka, ba a zare shi. A tallafe shi da tsumma kada ya motsa, a danne jini a gefe.

Bayan nutso ɗaya a jira awa 12 kafin hawa jirgin sama, bayan nutso da yawa aƙalla awa 18. Hawa tsauni da mota ma haka.

Kifin kuma a yanke maƙogwaro, a cire ciki, a binne shi a ƙanƙara nan take. Manyan barakuda da wasu manyan ambajak da gurufa na ruwan ɗumi suna iya ɗauke da gubar siguwatera, wadda dafuwa ko suya ba ta kashewa. Tambayi masuntan wurin wane kifi suke gudu.

11. Wanki da ajiya

Gishiri ne ke cin kaya, kuma yana fara aiki da zarar ruwan ya bushe. A ranar za a wanke. Mafi kyau a wanke raguleta tana haɗe da tukunya, iska a buɗe. In an cire ta, busar da murfin ƙura ka rufe bakinta gam, kuma kada ka danna maɓallin fitar da iska tana cikin ruwa, domin ruwa zai bi tiyo ya shiga ciki. Jiƙa ta a ruwa mai ɗumi rabin awa, ka girgiza, ka shanya a inuwa. Kada ka rataye ta yadda tiyo zai karye a gindi.

Rigar iska cikinta ma ana wankewa. Zuba ruwa mai daɗi ta bakin hurawa, hura ta, jujjuya, ka zubar ta kowace ƙofa, har ɗanɗanon gishiri ya tafi. Ajiye ta da 'yar iska a ciki kada fatar ta manne.

Tukunya ba a ƙarar da ita ƙaf, a bar bar 20 zuwa 30 domin danshi kada ya shiga. A ajiye ta wuri mai sanyi a ɗaure kada ta faɗi, a mota kuma a kwance da abin tokarewa. Kada a bar ta cike a but ɗin mota cikin rana.

Bindiga a cire mashin, a watsa ruwa cikin mazaunin kunama ana danna ta yashi ya fita. Mashin a goge, a shafa mai kaɗan, a wasa tsinin da zarto, a mayar da murfi. Rana da zafi da man inji su ne maƙiyan roba. Cire su ka sa a leda mai rufewa a wuri mai duhu, wasu har firji suke sawa. Mai fita a kai a kai ya canza roba da zare duk shekara ko ba su nuna komai ba.

Sauran na masu sana'a ne. Raguleta tana zuwa shago duk shekara ko bayan nutso 100, sai in kamfanin ya faɗi wani wa'adi. Aikin da kayan gyara kan ci wajen dala 100 zuwa 200. Kada ka buɗe ta da kanka, kada ka fesa mata man sassauta ƙarfe, musamman wadda ke aiki da naitiroks, domin mai da oksijin mai matsi wuta suke haifarwa. Tukunya ana leƙa cikinta duk shekara, wajen dala 20, sannan a Amurka ana yi mata gwajin matsi da ruwa duk shekara biyar, wajen dala 50. Raguletar da ta dawo daga gyara a fara gwada ta a wurin wanka ko ruwa marar zurfi kafin a kai ta teku, domin kuskuren haɗawa a nutson farko yake bayyana. Rubuta ranar kowane gyara a littafin nutsonka, da ranar da na gaba zai cika.